Gwaggonta ta karɓe ta riƙo, ashe aikatau aka kai ta Abuja: me doka ta ce?

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana. Ni daga wani ƙauye nake a jihar Kano, mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, da na tashi yin wani auren sai danginsa suka ce su ba za a kai musu 'ya'ya agolanci gidan wani ba, baffansu ya ɗauki mazan biyu, ita kuma macen gwaggonta da ke aure a Abuja tace a ba ta riƙo zata sa ta boko da islamiyya. Lokacin shekararta 10, yanzu ta shiga 11. Tunda suka tafi in na kira sai ace ta tafi makaranta ko tayi barci, da sallah nace a kawo min ita in ganta baffansu yace ai tunda nayi aure ba ni da ta cewa akan yaran. Satin da ya wuce sai ga kira da baƙuwar lamba, ashe ita ce, mai gadin gidan da take ne ya ara mata waya, tana kuka tace Umma ni ba a gidan gwaggo nake ba, sati biyu kawai nayi a can wata mata ta zo ta kawo ni nan. Tace ita ke wanke-wanke da shara da goyon jariri, a sito take kwana, ko sau ɗaya bata je makaranta ba, kuma ana dukanta da wayar caja. Mai gadin ya gaya min duk wata matar gidan tana tura dubu 25 wa matar da ta kawo ta, ita kuma su raba da gwaggon. Abinda ke ƙara tsorata ni sau biyu gwaggon ta turo min dubu biyar-biyar da atamfa ɗaya tace in sa albarka, na karɓa ban san kuɗin mene ne ba. Har yanzu basu san na sani ba, ina so in tara dangi ranar Juma'a ayi zama. Barista ina da iko in karɓo 'yata? Kuma in na kai ƙara nima za a kama ni?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan mahaifinsu, ya fito miki da yarinyar nan lafiya. Kafin mu shiga maganar sashe kaza da sashe kaza bari in fara da abinda ya fi gaggawa, zaman nan na ranar Juma'a ki ɗaga shi tukuna. Zaman dangi yana da ranarsa, amma in kika fara da shi wallahi kafin a shafa fatiha labari ya isa Abuja ta waya, kuma abinda muka saba gani a irin wannan shine ko a ɗauke yarinyar cikin dare a kai ta wani gidan da ba wanda ya sani, ko a kitsa mata abinda zata faɗa in an tambaye ta, ko kuma matar gidan ta riga ku zuwa caji ofis tace 'yar aikinta ta sace mata sarƙar gwal, kinga maimakon ku shiga a matsayin masu ƙara sai ku koma masu neman beli. Shi kuma bawan Allahn nan mai gadi a sallame shi a ranar. Yanzu abu ɗaya ne mai tsada a hannunki, kin san gidan da take su kuma basu san kin sani ba, toh kar ki zubar da wannan.

Riƙo kansa ba laifi bane, da yawanmu a hannun kaka ko gwaggo ko kawu muka tashi kuma ba abinda ya same mu sai alheri, ba wata dokar Najeriya da ta hana ɗan uwa ya riƙe ɗan ɗan uwansa. Amma daga ranar da gwaggon ta miƙa yarinyar ga dillaliya don a kai ta aiki ana karɓar kuɗi duk wata, riƙo ya ƙare, abinda ya rage sunansa safarar mutane a idon doka. Mutanenmu da sun ji safarar mutane sai hankalinsu ya tafi kan matan da ake bi da su ta Agadas zuwa Libiya, ko yaran nan tara da aka sace a Kano aka gano su a Onica ta jihar Anambra a 2019, wanda daga baya babbar kotun Kano ta ɗaure jagoran masu satar shekara 104 a 2021. Eh wannan safara ce, amma ba sai an tsallaka boda ba kuma ba sai baƙo ne ya sace yaro ba, daga ƙauyenku zuwa Abuja ma ya isa, kai ko daga unguwa zuwa unguwa.

Dokar da ta fi dacewa da matsalarki ita ce dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, ke aiki da ita. Hukumar tun 2003 aka kafa ta, a 2015 ɗin aka sake dokar aka ƙara mata ƙarfi, kuma dokar tarayya ce da ke aiki a kowace jiha ba sai majalisar jiha ta amince da ita ba. Sashe na 13 shi ya haramta safarar gaba ɗaya, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 2 da tarar da bata gaza naira 250,000 ba. Abinda nake so ki riƙe a nan shine in babba ne aka yi safararsa sai an nuna an yaudare shi ko an tilasta shi ko an yi masa barazana, amma in yaro ne, wato wanda bai kai 18 ba, ba a buƙatar duk wannan, da zarar an ɗauko shi ko an yi jigilarsa ko an ajiye shi ko an karɓe shi don a ci da guminsa shikenan laifi ya tabbata. Saboda haka maganar da zasu fara yi, wai ai uwarta ce ta bayar da hannunta, ko ai yarinyar ce tace tana so, ba zata fitar da su ba.

Sai kuma sashe na 23, wannan kamar don 'yarki aka rubuta shi. Yace duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya nemo shi, ko ya kai shi, ko ya ajiye shi, ko ya bayar da hayarsa, ɗauri ne daga wata 6 har zuwa shekara 7. Duba yadda kalmomin suka kama kowa, gwaggon da ta bayar, dillaliyar da ta kai, da matar gidan da ta karɓa. In kuma aikin na ci da gumi ne ko mai cutar da lafiyar yaro ko tarbiyyarsa, nan ko ya wuce 12 matuƙar bai kai 18 ba, ɗaurin daga shekara 2 yake farawa zuwa 7 kuma babu zaɓin biyan tara. Sannan akwai ƙari a kai, in an hana yaron ladan aikinsa a ƙara aƙalla shekara 2, in an ji masa rauni ko an lalata shi a ƙara aƙalla shekara 3. Yarinyar da ko sisi bata taɓa riƙewa ba cikin dubu 25 ɗin, kuma akwai shatin wayar caja a bayanta, kinga inda lissafin ya nufa.

Nasan wasu masu karatun nan zasu ji ba daɗi domin a gidansu ma akwai irin yarinyar nan tana tsaye akan kujera 'yar tsugunno don hannunta ya kai wurin wanke kwanuka, kuma zasu ce ai mu muna kyautata mata, abinda muka ci shi take ci. Toh madalla, amma sashen nan bai ce sai an ƙuntata mata ba, in dai bata kai 12 ba ɗaukarta aikin shi kansa shine laifin.

Da yake a Abuja take akwai doka ta biyu da ta hau kansu kai tsaye, dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Ita wannan a Abuja take aiki da kanta, jihohi kuwa sai kowace ta yi tata, Kaduna tayi a 2018, Kano sai a 2023 aka sa wa tata hannu. Sashe na 28 na dokar ta 2003 ya hana a sa yaro aikin gida a wajen gidansu ko wajen danginsa, hukuncinsa tarar da bata wuce naira 50,000 ba ko ɗaurin shekara 5 ko a haɗa duka, tarar kam ta zama abin dariya a kuɗin yau shi yasa lauyoyin NAPTIP suka fi kama dokar 2015. Ta kuma ba kowane yaro haƙƙin karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole, ta ɗora wa duk wanda yaro ke hannunsa nauyin kai shi, haka ma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce. Dokar yaran ta tsara yadda ake riƙo ta hanyar kotu, mai nema sai ya kai shekara 25 kuma ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, sai yana da halin riƙewa, likita ya tabbatar da lafiyarsa, jami'an kula da yara su riƙa leƙawa suna ganin halin da yaron yake, kuma an hana karɓar kuɗi ko lada don a bayar da yaro riƙo. A takarda tsari ne mai kyau. A aikace kusan duk riƙon da muke yi a Arewa da baki ake yinsa a tsakar gida, ba rajista ba mai leƙawa, in yaro ya ɓace daga hannun mai riƙo ba wata hukuma da zata san ya ɓace. Amurka ma sai a 2014 suka yi dokar da ta tilasta wa hukumomin kula da yaran riƙo su kai rahoton duk yaron da ya ɓace ga jami'an tsaro cikin awa 24, saboda sun ga masu safara sun fi farautar yaron da ba idon uwa ko uba a kansa. Mu a nan idon da ake da shi shine naki, sai irin mai gadin nan in Allah ya haɗa yaro da na kirki.

Yanzu tambayarki mai tsoratarwa, ko za a kama ki. Ba zan ɓoye miki ba, iyaye ma suna shiga cikin sashe na 23 in su suka bayar da yaro aikatau suna sane suna karɓar kuɗin wata, kuma ana samun haka sosai. Amma bisa abinda kika faɗa min ke makaranta aka ce miki, baki san dillaliyar ba, baki yi ciniki da kowa ba, kuma da kika ji gaskiya ke kika fara neman hukuma, wannan matsayin mai ƙorafi ne kuma shaida. Inda zaki jawo wa kanki matsala shine ki ɓoye maganar dubu goman nan da atamfar. Gwaggon da ta ji matsa abinda zata fara cewa kenan, ai da uwar muke rabawa ga alat ɗin ma, toh in jami'i ya fara jin wannan daga bakinta bayan ke kin yi shiru sai ya fara kallonki da wani ido. Ki faɗa da bakinki tun a bayanin farko, ranar da aka turo, nawa ne, da abinda tace miki lokacin. In saƙon murya ta yi miki a WhatsApp tana cewa ki sa albarka ko tana cewa yarinya na makaranta, wannan saƙon ya fi miki lauya goma, kar ki goge kuma ki tura shi wata wayar don ajiya. Daga yau kuma ko nawa ta turo kar ki taɓa.

Sai maganar baffansu cewa tunda kin yi aure ba ki da ta cewa. Rabin gaskiya ya faɗa ya haɗiye rabin. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke bi a nan, renon yaro haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare. Gaskiya ne in uwa ta auri wanda ba muharramin yarinyar ba kuma ta tare, haƙƙin renon yana barin hannunta, amma ba wurin dangin uba yake tsallakawa ba, mahaifiyarki yake komawa, in babu ita sai 'yar uwarki wato innar yarinyar, gwaggo tana can baya a layi sai an wuce mutane da dama kafin a zo kanta. Kuma ko wanda layi ya zo kansa sai ya cika sharaɗin amana da iya kula da yaro da samun wurin da yarinya zata zauna cikin tsaro. Wadda ta karɓi marainiya ta bayar da ita haya ba alƙalin da zai ce tana da amana. Abinda dangin uba ke da shi shine walicci, kamar bayar da aure da kula da dukiya in su aka ɗora wa, wannan daban reno daban, mutane ne suke cakuɗa su don ya yi musu daɗi. Aurenki kuma bai cire ki daga zama uwa ba, kina da ikon ganinta da sanin inda take da kai ƙara in ana cutar da ita, a kowace kotu.

Toh ta ina za a fara. Ni shawarata NAPTIP, kuma cikin satin nan. Suna da ofishin shiyya a nan Kano, hedikwatarsu kuma a Abuja take inda yarinyar take, ana kuma kiransu a gajeriyar lamba 627. Dalilin da yasa na fifita su akan zuwa caji ofis kai tsaye shine wannan ne aikinsu na kullum, doka ta basu ikon bincike da kamawa da gurfanarwa a babbar kotu, suna da wurin ajiye yaran da aka ceto da masu kwantar musu da hankali, sannan a Abuja su ke kula da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 wadda ta shafi dukan da ake mata. Ki je da ƙafarki in da hali, ki tafi da namiji ɗaya mai hankali daga ɓangarenki, wanki ko kawunki, wanda bakinsa ke da murfi. Ki rubuta ƙorafi a takarda ko a rubuta miki, ayi kwafi biyu a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe, ki karɓi suna da lambar jami'in da aka ba aikin. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙorafi. In tafiyar ta yi miki nauyi ki fara da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku ko ma'aikatar mata ta jiha ko Hisbah su haɗa ki da su, amma ki gaya musu ƙarara ba sulhu kika zo nema ba tukuna, kar a kira kowa sai an ɗauko yarinya.

Abinda zasu buƙata a wurinki ba mai yawa bane amma ki haɗa shi kafin ki fita. Shekarunta sune ginshiƙin shari'ar, domin tsakanin 11 da 12 hukunci yana canzawa kuma matar gidan zata rantse tace ce mata aka yi 14 ne, saboda haka takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya in akwai, in babu katin rigakafi na asibiti ko rajistar firamaren da ta fara a ƙauye, hedimasta zai iya rubuta miki. Hotonta ko na sallah ne. Lambar gwaggon, lambar da aka kira ki da ita da ranar da lokacin, kwatancen gidan, unguwa da layi da kalar get. Shi mai gadin ki kira shi lokacin da yace miki ba kowa, kar ki riƙa damunsa da kira har a gane, kuma ki gaya wa jami'an tun farko cewa aikinsa na cikin haɗari, dokar ta tanadi a sakaya wanda ya tsegunta. Kar ki roƙe shi ya gudo da ita ya sa ta a mota, niyyar kirki ce amma shi za a wayi gari an rubuta wa satar yarinya. Haka ku ma kar ku cika mota da 'yan uwa ku je ku buga get. Kuma dan girman Allah kar a sa hotonta a Facebook ko TikTok ana neman a yaɗa, yau zaki samu masu tayaki kuka, amma hoton zai bi ta har ranar aurenta, kuma mutanen gidan ma suna da waya.

In kika ga an kwana biyu ba motsi, ko aka fara miki je ki dawo, akwai hanya ta biyu da bata jiran kowa. Lauya zai iya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotun Abuja, ƙarƙashin sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya hana bauta da aikin tilas, da na 35 na 'yancin walwala, ya roƙi alƙali ya bada umarnin a kawo yarinyar gaban kotu. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙarar sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ba zai iya da kansa ba, kuma ana saurarenta da gaggawa fiye da sauran ƙararraki. Kuɗin lauya kar ya tsayar da ke, akwai hukumar bada tallafin lauya kyauta ta tarayya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke da reshe a Kano da Abuja, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, duk suna karɓar irin wannan. Kotun shari'ar Musulunci kuma tana da nata amfanin amma a mataki na gaba, can ne mahaifiyarki zata nemi a tabbatar mata da renon a rubuce don kar gobe baffa ya zo yace a ba shi, ita ce ya kamata ta tsaya a matsayin mai ƙara ke ki zama shaida, kuma a ƙarar a haɗa da mazan biyu in basu balaga ba domin hukuncin ɗaya ne.

Ranar da aka ɗauko ta kar ki sa rai a daren zaku kama hanyar gida. Yawanci sai an kai ta asibiti an duba ta, an ɗauki bayaninta, ta ɗan zauna a wurinsu, su kuma tabbatar inda za a mayar da ita ba inda za a sake tura ta aikatau bane. Ki dage akan duba lafiyar nan a asibitin gwamnati kuma a rubuta rahoto, ayi hoton tabon da ke jikinta kafin ya baje, a kuma bar likita mace ta duba ta sosai ta tambaye ta cikin natsuwa, yarinyar da ke kwana a sito a gidan da akwai maza baligai ba a cewa ai ba komai don bata faɗa a waya ba. In tana bada labari kar ki gyara mata kar ki ƙara mata, abinda ya faru kawai, lauyan wanda ake tuhuma da ya kama ƙari ɗaya sai ya rushe sauran. In sun jefa mata sharrin sata kar ki firgita, dokar 2015 ta kare wanda aka yi safararsa daga a tsare shi ko a tuhume shi akan abinda ya biyo bayan safarar, kuma shari'ar yaro ba irin ta manya bace. Zasu tambaye ki ina zata zauna, wace makaranta, wa zai ciyar da ita, toh ki zauna da maigidanki na yanzu da mahaifiyarki ku gama wannan maganar kafin a tambaya.

Akwai kuma kuɗinta. Kotun da ta samu mutum da laifi tana iya umartarsa ya biya diyya ga wanda aka zalunta, kuma ko bayan haka yarinyar na da damar ƙarar neman diyya ta hannunki. Dubu 25 sau watannin da ta yi guminta ne, ki sa lauyan da ke gabatar da ƙara ya roƙa tun da wuri don ba kullum ake tunawa ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata ki sani kafin ki taka, don kar daga baya kice Barista bai gaya min ba. In maganar ta shiga hannun hukuma ta zama shari'ar gwamnati, ba taki bace da zaki wayi gari kice na yafe a rufe fayil. Za a iya sauraron ra'ayinki amma ba ke ke yanke wa ba, kuma wadda za a gurfanar ƙanwar mahaifin 'ya'yanki ce ko yayarsa. Za a zo miki da dattawa, za a ce kin tona asirin zuri'a, za a ce ki dubi zumunci ki dubi marayu, wataƙila ma a yi miki barazana da mazan biyun da ke hannun baffa. Ni a ganina wanda ya sayar da gumin marainiyar ɗan uwansa shi ya fara yanke zumuncin, amma ke zaki zauna da mutanen nan ba ni ba, kuma na ji ɓangarenki ne kaɗai. Abinda ba zan ba ki shawarar sassautawa a kai ba shine fito da yarinyar, sauran kuwa, ko a tsananta wa gwaggon ko a nemi sassauci, sai tana hannunki ku yi wannan lissafin da lauyan da ya ga takardu. Ita dillaliyar kam bana jin tausayinta ko kaɗan, mai wannan sana'ar ba yarinya ɗaya take da ita ba, in aka buɗe wayarta da asusunta na banki wasu iyayen ma zasu samu nasu.

In an zo zaman dangin daga baya, duk wanda za a ba riƙon wani cikin yaran nan a rubuta a takarda gaban mai unguwa ko dagaci da liman, sunan makarantar da zai shiga, lokacin da zai zo hutu, ranar da zaki riƙa jin muryarsa a waya, da sharaɗin ba za a miƙa shi hannu na uku ba sai da saninki da na kakarsa, kowa ya sa hannu ki riƙe kwafi. Kuma baki ce min komai akan gadon mahaifinsu ba, ko an raba, kason yaran yana hannun wa, gona ce ko gida ko dabbobi. Ki bincika wannan a hankali, in ba a raba ba ko an raba ba a rubuta ba, kotun shari'ar Musulunci da zaku je maganar reno ita ce dai zata duba shi, sai a shigar da shi a ƙara ta daban.